Wace Kyamara Zan Saya Don Hoton Taurari, Alhali Ga Alkawari Yana Jira a Gida?

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Zariya, ina zaune a Samaru da matata da 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan da na kamu da son kallon sama, tun ranar da wani ɗalibina ya tambaye ni abin da ke bayan taurarin da muke gani, na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina. Ina son in fara ɗaukar hoton abubuwan da ke can nesa, irin gajimaren Oriyon da tarin taurarin Andromeda. Wata mai zuwa zan ɗauki adashi, kuma shi ne kuɗi mafi yawa da na taɓa riƙewa a dunƙule. Abokina mai ɗaukar hoton biki a Sabon Gari ya ce in cika da bashi in sayi sabuwar babbar kyamara mai megafiksel 45, in riƙa bin sa wurin biki ina mayar da kuɗina. Waɗanda nake karanta bayanansu a intanet kuwa sun ce duk wanda bai sayi kyamarar taurari mai sanyaya kanta ba ya yi asarar kuɗinsa. Matsalar ita ce tun bara na yi wa maiɗakina alkawarin firiza don sana'arta ta zoɓo da kunun aya, yanzu ta daina yi mini maganar, kuma shirun nata ya fi faɗa damuna. Mahaifina ma ya ji labari, ya kira ni ya ce yana tsoron kada in faɗa harkar duba, ban da fitar dare a wannan zamani. Wayar hannu da ƙaramar kwamfuta kaɗai nake da su. Wace kyamara zan saya, kuma yaya zan yi da gida?

Daga wani malami, Samaru, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar ɗalibin nan da ta hana ka sukuni har shekara biyu, domin malamin da tambayar yaro take bi har gida shi ne wanda kowane uba yake fatan ɗansa ya faɗa hannunsa. Kada ka ji nauyin wannan sha'awa taka, kuma kada ka ɗauka cewa dole sai ka bar ɗaya tsakanin sama da gidanka. Shawarata ita ce ka sayi firizar tukuna, sannan da abin da ya rage ka nemi kyamara ta hannu mai canza lensi, irin wadda masu hoton biki suka gama yayinta, ka kuma ware kaso mafi tsoka don na'urar da ke bin juyawar sama. Bashi kuwa, kada ka ci ko sisi a kan wannan harka.

Maiɗakinka ta riga kyamara shiga layi. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan ya shekara a kanka. Macen da ta daina tuna wa mijinta abin da ya ce zai yi mata ba mantawa ta yi ba, ta zuba ido ne ta ga matsayinta a lissafinsa ranar da kuɗi suka shigo hannu. Ka lura kuma cewa abin da ta nema jari ne, wanda zai riƙa shigo da kuɗi gidan duk ranar da zafin Maris da Afrilu ya sa mutane neman abu mai sanyi, alhali kyamarar taurari ba ta mayar wa mai ita komai sai jin daɗi da ilimi. Kafin ka karɓi adashin, ka zauna da ita bayan yara sun kwanta, ka rubuta adadin a takarda, ku cire kuɗin firiza tare, ka bar ta ta zaɓi wadda ta dace da sana'arta, sannan ka gaya mata gaskiyar abin da kake son yi da ragowar. Wannan harka tana cin dare, kuma za ka buƙaci yardarta a kowane dare da za ka fita tsakar gida ka bar ta a ɗaki. Idan ta fara kallon kyamarar a matsayin abin da ya cinye haƙƙinta, to kishiya ka shigo mata da ita, kuma ba za ka taɓa samun natsuwar ɗaukar hoto ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kyamara ba ita ce kan gaba ba. Abubuwan da kake nema haskensu yana da rauni ƙwarai. Gajimaren Oriyon, wanda tarin iska da ƙura ne a can cikin taurari, yana da nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 1,350, Andromeda kuwa hasken da zai shiga lensinka ya baro ta tun shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Ba a kama irin wannan haske da ƙiftawa ɗaya, sai an buɗe kyamara ta yi ta tara shi kamar yadda ake tarar ruwa a bakin indararo, minti ɗaya ko biyu, a maimaita sau hamsin ko ɗari, sannan a haɗa hotunan a kwamfuta su zama guda. Amma duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kamar yadda kake koya wa ɗalibanka, saboda haka taurari ba sa tsayawa su jira ka. Idan ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku da lensi mai milimita 50, bayan sakan huɗu ko biyar taurarin za su fara miƙewa su zama 'yan sanduna, idan kuwa lensin mai milimita 135 ne, wanda ya fi janyo abu kusa, sakan biyu ma ya yi yawa. Wannan hukunci ya hau kan kyamara mafi tsada a duniya daidai yadda ya hau kan tsohuwa ta hannu.

Ina tuna daren da na fara ɗora tsohuwar kyamarata a kan na'urar bin sama, a tsakar gida cikin watan Nuwamba, bayan na shafe watanni ina samun hotuna masu duhu. Na buɗe ta sakan sittin, na tsaya ban motsa ba don kada ƙasa ta girgiza ƙafar, har shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ta rufe. Da allon ya kawo, sai ga gajimaren Oriyon da ruwan hoda a tsakiyarsa, fikafikai biyu a buɗe, kowane tauraro ɗigo ne zagayayye kamar an ɗiga da tsinken allura. Kyamarar ita ce dai ta jiya, lensin ma shi ne, abin da ya canza kawai shi ne sun daina tsayawa wuri ɗaya sama tana wuce su.

Na'urorin da masu farawa suka fi amfani da su su ne Star Adventurer ta kamfanin Sky-Watcher da SkyGuider Pro ta iOptron. Kowacce tana ɗaukar nauyin da ya kai kilo 5, wanda ya ishi kyamara da lensi, kuma ba sa cin wuta, fawa banki ma yana riƙe su dare guda. Da wuya ka same su a shago nan kusa, don haka ka sa kuɗin jigila da na kwastam cikin lissafi tun farko. Akwai abu ɗaya da ya shafi Zariya musamman wanda marubutan Turai da Amurka ba za su gaya maka ba. Ana saita na'urar ne da tauraron arewa, kuma tsayinsa a sama daidai yake da nisan garin mutum daga layin ikweta, wanda ya raba duniya arewa da kudu. Zariya tana wajen digiri 11, saboda haka tauraron yana ƙasa-ƙasa, kamar faɗin dunƙulen hannunka ɗaya daga doron ƙasa idan ka miƙa hannun, inda katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ko hazo suke iya rufe shi. Tun kafin ka kashe kuɗi, ka fita a dare mai haske ka nemi wurin da kake hango shi a gidanka, ko a kan soro idan akwai, ka sa alama a ƙasa. Ka kuma tabbata gindin na'urar da za ka saya yana sauka har digiri 11, domin wasu manyan na'urori an ƙera su ne da tunanin ƙasashen arewa.

Ita kanta kyamarar, abin da ake nema a jikinta bai da yawa. Ta iya ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ba a matse ba, ta iya barin shota a buɗe iya son ranka, ta kasance ana ganin taurari a allonta kai tsaye don saita kaifin hoto, ta kuma karɓi ɗan rimot mai ƙidayar lokaci wanda zai riƙa ɗaukar hotuna a jere ba tare da ka taɓa ta ba. Ina ƙara maka da allo mai juyawa, domin a Zariya yawancin abin da za ka ɗauka yana wucewa ne kusan ta tsakiyar kai, kuma wanda allon kyamararsa a kafe yake sai ya durƙusa a ƙasa yana karya wuya. Canon 600D ta 2011, da 700D ta 2013, da 800D ta 2017, da Nikon D5300 ta 2013 duk sun cika waɗannan sharuɗɗa. D5300 da 800D sun fi sauran biyun tsaftar hoto a cikin duhu, kuma idan kuɗi sun kai, ɗaya daga cikinsu zan ɗauka. Amma idan lensunan abokinka suna hawa ɗaya daga cikin waɗannan, ka bi irin nasa, domin samun wanda zai ara maka lensi ya fi ɗan bambancin da ke tsakaninsu amfani.

Kada ka aika a sayo maka, zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi da katin ajiyarka da ƙaramar kwamfutarka, ko a Sabon Gari ne ko Kaduna ko Kano, ka nemi mai shago ya ba ka minti ashirin. Ka rufe lensi da murfinsa, ka sa ISO, wato ma'aunin saurin jin hasken kyamara, a 1600, ka ɗauki hoton duhu na sakan talatin, ka buɗe shi a kwamfuta ka ƙara masa haske. 'Yan ɗigo ja da shuɗi nan da can ba laifi ba ne, kowace kyamara tana da su kuma ana cire su wajen haɗa hotuna, amma idan ka ga layi ya ratsa hoton daga sama har ƙasa, ka ajiye ta ka yi gaba. Sannan ka matse ƙofar lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikin kyamara, za ta fito kamar tabon mai. Ka cire lensin ka haska fitilar waya ta cikinsa, idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo a jikin gilashin, fumfuna ce ta damina, kuma ba ta fita da gogewa. Ka duba adadin bugun shota, domin irin waɗannan kyamarori an ƙera su ne su kai wajen bugu 100,000, kuma wadda ta yi shekaru tana bin biki tana iya kusantar wannan adadi.

Abokinka ba mugunta yake nufi ba, yana ba ka shawara ne daga cikin sana'ar da ya sani, kuma a wurin biki babbar kyamara mai saurin kama fuska tana da ranarta. Sai dai kusan duk abin da ake biyan kuɗinsa a irin wannan kyamara, da saurin saita kanta, da ɗaukar hoto goma a sakan, da bidiyo mai kaifi, babu wanda za ka taɓa a ƙarƙashin taurari, inda komai da hannu ake yi kuma a hankali. Yawan megafiksel ba ya ƙara hasken da ke shigowa, faɗin lensi da tsawon lokaci ne suke ƙara shi. Abin da megafiksel 45 za su ƙara maka shi ne nauyin fayil, kuma ƙaramar kwamfutarka za ta sha wuya ranar da ka ce ta haɗa ɗari daga cikinsu. Babbar sensar irin wannan kyamara, mai milimita 36 a 24, tana kuma tona asirin lensi mai araha, domin taurarin da ke kusurwoyin hoto sukan fito da fikafikai. Batun bin biki kuwa, ka tambayi kanka ko kana da sha'awarsa. Idan kana da ita, wannan wata shawara ce daban da za a yi wata rana da lissafinta. Idan kuwa biyan bashi ne kawai zai kai ka, ka sani Asabar da Lahadin da kake fatan kwana da taurari su ne za ka kwana kana tace hotunan amare.

Masu cewa a sayi kyamara mai sanyaya kanta suna da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye maka ita ba, domin ta fi shafar mu mazauna ƙasar zafi. Sensa idan ta yi zafi tana haifar da ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto kamar an watsa masa yashi, kuma irin wannan yashi na zafi yana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri shida. Kyamara irin ZWO ASI533MC Pro tana iya sauke zafin sensarta da wajen digiri 35 ƙasa da na iskar waje, wato a daren Afrilu a Samaru, lokacin da kai kake gumi, ita tana aiki a sanyin ƙanƙara. Wannan babban abu ne. Amma ka san abin da ke cikin kwalin: gwangwani ne zagayayye da sensa a ciki, babu allo, babu batir, babu lensi. Tana buƙatar wutar bolt 12 dare guda cur, da kwamfuta a gefenta, da abin da zai haɗa ta da lensi ko madubin hangen nesa, kuma bayan duk wannan tana buƙatar na'urar bin sama kamar kowace kyamara. Idan ka zuba kuɗinka a kanta yanzu, za ka mallaki abu mai kyau da ba ka da abin ɗora shi, wanda ko hoton sunan jariri ba zai ɗauka maka ba. Ita ce kyamararka ta biyu, bayan shekara biyu ko uku, idan sha'awar ta ɗore. Kafin lokacin, maganin yashi shi ne yawan hotuna, domin duk lokacin da ka ninka adadinsu sau huɗu, yashin yana raguwa da rabi. Irin mai baƙi da fari da ake sa wa matatai kala-kala kuwa, ka bar ta sai ka ƙware.

Za ka kuma ji ana maganar gyara kyamara don ta ga jan hasken iskar haidurojin da gajimare irin na Oriyon ke fitarwa, wanda tsawon zangonsa nanomita 656 ne. Gaskiya ne cewa gilashin da ke gaban sensar kyamarar yau da kullum yana tare mafi yawan wannan haske, shi ya sa Canon ta fitar da 20Da a 2005 da 60Da a 2012 da EOS Ra a 2019, Nikon kuma ta fitar da D810A a 2015, duk don masu hoton taurari. Amma Oriyon yana da hasken da ya isa ko ba gyara, Andromeda da Kaza Mai 'Ya'ya kuwa ba ruwansu da wannan jan haske. Kada ka bari kowa ya buɗe maka cikin kyamara a cikin ƙurar garin nan.

Lensi kuma, ka fara da mai milimita 50 da ke buɗewa f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, ka ɗan matse shi zuwa f/2.8 don taurari su yi kaifi. Burinka na gaba shi ne Samyang 135mm f/2, wanda masu wannan harka suka yarda da shi ƙwarai. Mutane da yawa suna zaton sai da madubi mai ƙara girma sosai, alhali Andromeda faɗinta a sama ya kai digiri 3, kamar a jera cikakken wata shida, kuma da milimita 135 tana shiga hoto da sarari a gefenta.

Akwai wata hanya da ya kamata ka auna da gaske, musamman da yake kai malami ne. Kamfanin ZWO ya fitar da Seestar S50 a 2023 a kan kuɗi wajen dala 500, ƙaramin madubin hangen nesa ne mai faɗin milimita 50 da ya haɗa kyamara da injin bin sama da batir a jiki ɗaya. Da waya ake sarrafa shi, yana nemo abin da ka zaɓa da kansa, yana haɗa hotunan kana kallo, kuma bai dogara da ganin tauraron arewa ba. Idan babban burinka shi ne ka tara ɗalibai ko 'ya'yanka su ga gajimare yana bayyana a allo cikin minti biyar, wannan ya fi komai sauƙi. Raunin sa shi ne sensarsa ƙarama ce, megafiksel 2 kacal, filin da yake gani ƙunci ne, ba a canza masa lensi, kuma ba zai ɗauki hoton iyali ba. Daga yadda ka rubuta wasiƙarka na fahimci kai mai son sanin yadda abu yake aiki ne, shi ya sa na fi karkata ga kyamara da na'urar bin sama, amma idan ragowar kuɗin ba za su isa su biyun ba, wannan zaɓi ne mai mutunci.

Kafin duk wannan, akwai gwajin da ba zai ci maka kwabo ba. Ka roƙi abokinka ya ara maka kyamara da lensi mai milimita 50 da ƙafa uku na dare biyu, in ya yiwu ya zo da kansa ku zauna tare. Ka nufi Kaza Mai 'Ya'ya ko Oriyon, ka ɗauki hoto 200 na sakan uku-uku, kana gyara saiti duk bayan 'yan mintoci, sannan ka rufe lensi ka ɗauki talatin na duhu. Ka sauke manhajar haɗa hotuna, Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne, ka haɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka koyi maɓallan kyamarar da rana har hannunka ya san su. A wannan gwaji za ka gane ko kana jin daɗin zaman kwamfuta, wanda shi ne rabin aikin, ko kallon kawai kake so, kuma amsar ita za ta raba maka gardama tsakanin kyamara da Seestar.

Samaniyar Zariya tana da lokutanta, kuma sanin su ya fi ƙarin kaya amfani. Mafi kyawun darare su ne daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Oktoba zuwa shigowar hazo, lokacin da damina ta wanke iska. Idan hunturu ya kankama, akwai dararen da za ka ga taurari a tsakiyar kai amma hoton ya fito fari-fari saboda ƙura, sai ka haƙura. Bayan ruwan farko kuma sama takan buɗe, kuma a nan muke da rabon da mutanen Ingila ba su da shi: dunƙulen taurarin Omega Sentauri, wanda ba ya leƙowa a samansu ko kaɗan, yana hawa sama da digiri 30 ta kudu a wurinmu, wajen ƙarfe goma da rabi na dare a tsakiyar Mayu. Kalandar Musulunci ita ce jadawalinka, ka yi aiki daga wajen 25 ga wata zuwa 5 ga na gaba, domin farin wata yana shafe abubuwa masu raunin haske. A Oktoba da Nuwamba raɓa takan kwanta a kan lensi bayan tsakar dare, maganinta ɗan ɗamara mai ɗumi da ake jonawa a fawa banki. Kada ka canza lensi a waje lokacin hunturu, kuma da damina ka ajiye kayan a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Na bar maganar Baba zuwa nan ne don ta fi buƙatar natsuwa. Tsoronsa biyu ne, kuma bai kamata ka haɗa su ka amsa da amsa ɗaya ba. Na farko, wato duba, ya samo asali ne daga kishin addininka, don haka ka karɓe shi da ladabi, ka bayyana masa cewa mai duba yana da'awar sanin gaibu daga taurari, kai kuwa ilimin falaki kake bi, wanda da shi malamai suke lissafin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata. Ka gaya masa cewa wanda ya fara rubuta bayanin Andromeda malami ne Musulmi, Abdurrahman as-Sufi, a shekarar 964, inda ya siffanta ta da ɗan ƙaramin gajimare, kuma har yau sunayen taurari da dama irin Aldebaran da Rigel daga Larabci aka ɗauko su. Idan akwai limami ko malamin da Baba yake jin maganarsa, ka fara kai masa bayanin, ka roƙe shi ya taya ka. Ranar da ka je gaishe shi, ka kai masa hoton jinjirin wata da ka ɗauka da hannunka, domin gani ya kori ji.

Tsoronsa na biyu kuwa, a nan Baba ya fi ka gaskiya, kuma ina roƙonka ka yi masa biyayya. Mutumin da aka gani cikin duhu a bayan gari da ƙarfe mai ƙafa uku da 'yar jar fitila yana iya jawo wa kansa zato ko haɗari, kuma babu hoton da ya kai wannan. Abubuwan da na lissafa maka duk suna da hasken da za a ɗauke su daga tsakar gida a Samaru, muddin ka sa katanga tsakanin lensinka da fitilar titi, ka kuma roƙi maƙwabci ya kashe ƙwan solarsa na awa ɗaya ko biyu. Idan wata rana kana son sama mai duhu sosai, ta wajen Bomo ko Shika ko gindin Kufena, ka nemi gidan wani da ka sani, ka isa da rana, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, ka yi aikinka a cikin gida, ka kwana sai gari ya waye. Ka faɗa wa Baba wannan ƙa'ida da bakinka, ka kuma riƙe ta.

Idan kayan sun iso kafin tsakiyar Nuwamba, Andromeda tana kaiwa ƙololuwarta ta arewa wajen ƙarfe tara da rabi na dare, Kaza Mai 'Ya'ya tana zuwa kusan tsakiyar kai bayan sha biyu, Oriyon kuwa sai wajen biyu da rabi. Ka fara da Andromeda, domin za ka gama da ita da wuri, ka samu barcin da zai ishe ka sallar asuba da ajin safe. Ka ɗauki hoto sittin na minti ɗaya-ɗaya a ISO 800, ka haɗa su, ka aiko mini da abin da ya fito tare da bayanin yadda taurarin kusurwa suka kasance, daga nan sai mu duba ko lokacin lensi na biyu ya yi. Ka gaishe da Baba da maiɗakinka.